Littafin aikin farfaɗo da kwamitin lafiya na mazaɓarmu, Agege

Asabar, 20 ga Afrilu, 2024

An gama hidimar ƙaramar sallah, waɗanda suka je gida sun dawo, yau muka zauna karo na farko. Ni aka ba sakatare, kuma shugaba ya ce duk abin da aka yi in rubuta shi, da mai daɗi da marar daɗi, don kwamitocin maƙwabta su gani.

Abin da muka tarar na tsohon kwamiti bai wuce takarda ɗaya manne a bangon asibitin mazaɓa ba, rana ta cinye rabin tawadar. Cikin sunayen da ke jiki akwai wanda ya rasu tun kafin korona, akwai wanda ya tattara ya koma Katsina da iyalinsa. Bahaushe ɗaya ne a jerin, shi ma da aka neme shi ya ce bai san an sa shi ba. Alhali ranar rigakafi idan ka leƙa bencin jira, matanmu ne da goyo suka fi yawa.

Kwamitin nan ba ƙungiyar sa-kai ba ce da wani ya ƙirƙira. Dokar gyaran harkar lafiya ta Jihar Legas ta 2006 ce ta tsara abin hawa-hawa: hukumar kula da lafiya matakin farko a jiha, hukumar lafiya a ƙaramar hukuma, sannan kwamiti a mazaɓa. Jihar na da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, kowanne da mazaɓunsa, don haka irinmu suna da yawa a takarda. Nawa ne ke zama, wannan kuma wata magana ce.

Mun yanke za a yi bita ranakun Asabar, jami'ar wayar da kai kan lafiya ta ƙaramar hukuma ta yarda za ta koyar. Za mu gayyato kwamitocin mazaɓu biyu da ke maƙwabtaka da mu. Burinmu zuwa Agusta mu rubuta tsarin aikin asibiti na wata uku da hannunmu tare da shugabar asibiti, ba a kawo mana a ce mu dangwala ba.

Abin da ke asusu: N85,000, gudummawar 'yan kasuwar hatsi da wasu mahauta.

Asabar, 27 ga Afrilu

Gaisuwar manya. Da safe fadar Sarkin Hausawa, da yamma gidan Baale, basaraken Yarbawan unguwa. Duka sun sa albarka. Baale ya ba mu zauren taronsa kyauta, wanda ya rage mana kuɗin haya. A fada an ce mu tabbata an sa mata, aka kuma haɗa mu da wata malamar Islamiyya da wata Hajiya mai abinci wadda duk layin ke jin maganarta. Goro da kuɗin keke: N6,500.

Asabar, 4 ga Mayu

Bita ta farko, kuma saura ƙiris ta zama ta ƙarshe.

Darasin kan kuɗi ne. Jami'ar ta fara daga Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta kafa asusun kula da lafiya matakin farko, da aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A dokar, rabi na tafiya ta hanyar inshorar lafiya, kashi 45 ta hanyar hukumar lafiya matakin farko don magani da gyaran gini da ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Abin da ke isowa asibiti irin namu kai tsaye a 2024 naira dubu 300 ne da 'yan kai duk wata uku. Ba wani kuɗi ba ne a Legas ta yau. Sai dai ƙa'ida ta ce ba a cire ko kwabo sai da sa hannun mutum biyu, shugabar asibiti da shugaban kwamiti.

Nan zauren ya yi tsit. Wani dattijo da ya zauna a tsohon kwamiti ya ce shi dai abin da ya sani, ana aiko wa tsohon shugabansu cek har shago, ya sa hannu a kan buhun shinkafa, a wuce. Ba ya zargin kowa da cin kuɗi, ni ma ban zarga ba. Amma mutumin da bai san me ya sa wa hannu ba, ba zai iya kare ma'aikatan ba ranar da jama'a suka fara ƙorafi, balle ya kare jama'ar.

Rigimar ta taso ne bayan la'asar. Wasu daga mazaɓar maƙwabta sun zo da tsammanin kuɗin zama, don sun saba bitar ƙungiyoyi masu ba da ambulan. Da muka ce kuɗin mota ne kawai, N1,000 kowa, wani ya miƙe ya ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun bara dubu ɗaya ba ta kai mutum Oshodi ta dawo da shi. Gaskiya ya faɗa, sai dai ba daga Oshodi ya zo ba, daga bayan layin dogo ya tako. Shugabanmu ya ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, kuɗin nan na masu auna gero ne, ga littafin, duba." Ya miƙa masa littafin asusun a gaban kowa. Alhajin ya duba, ya zauna, amma mutum uku sun fita ba su dawo ba.

Mun kashe N24,000: kuɗin mota, ruwan leda, burodi, da kwafin takardu.

Asabar, 11 ga Mayu

Bita ta biyu, kan yadda ake gudanar da taro da rubuta abin da aka tattauna. Mutane sun ragu amma an fi natsuwa. An amince duk taro a yi shi da Yarbanci da Hausa, ni da malamar Islamiyya mu riƙa fassara. Yana cin lokaci, amma Hajiya ta yi magana yau, makon jiya kuwa ko tari ba ta yi ba. N15,000.

Asabar, 18 ga Mayu

Yau a asibiti muka yi darasin, a kan rijistar rigakafi. Shugabar asibiti, wadda kowa ke kira Mama, ta fito da katon littafin ta shimfiɗa a tebur, ta koya mana karanta shi. Kowane yaro layi ɗaya. Ranar haihuwa ana ba shi allurar tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna. Sai mako 6, mako 10, mako 14, allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar, cikinsu har da mashaƙo da tarin shiƙa. Wata 9 ƙyanda da shawara da sanƙarau, wata 15 ƙyanda ta biyu. Idan ka bi layin da yatsa daga hagu zuwa dama, inda rubutu ya tsaya, nan yaron ya ɓace.

Mun bi layukan watanni shida da suka wuce. Yaran da suka karɓi ta mako 6 ba su dawo ta mako 14 ba, akasari sunayenmu ne: Hausawa, Zabarmawa, Buzaye. Mama ta ce tana da ma'aikaciyar da aikinta bin sawun irin waɗannan, amma ta nuna mana gurbin adireshi. An rubuta "Zango", shi ke nan. Wani wurin "bayan masallaci". Babu lambar gida, babu waya, sunan uwa kuma an rubuta shi yadda kunnen mai rubutu ya ji. Malamar Islamiyya ta karɓi littafin, ta riƙa karanta sunayen da ƙarfi, Hajiya na cewa wannan matar mai shayin bakin gada ce, wannan sun tashi sun koma Mile 12, wannan mijinta ke hana ta fita sai ya dawo daga kwata a Oko-Oba, lokacin kuma an rufe asibiti. Cikin awa ɗaya sun gane fiye da rabi.

Mama ta daɗe tana kallonsu. Ta ce shekarunta a wurin ba ta taɓa sanin matan ba ƙin allura suke ba. Wasu kam suna ƙi, kada mu yaudari kanmu, musamman idan yaro ya yi zazzaɓi bayan ta farko ba a gaya wa uwar cewa hakan na faruwa ba. Amma yawanci matsalar lokaci ce da izinin miji da rashin mai bayani.

Shawara: kowace ranar rigakafi mace ɗaya daga kwamiti za ta zauna kusa da mai rubutu, a rubuta sunan miji da sana'arsa da lambar waya. Za mu kuma roƙi limamai su taɓo maganar izini a huɗuba. Mashaƙon da ya yi ɓarna a Kano bara ya isa hujja, kusan kowa a nan yana da dangin da abin ya taɓa.

Asabar, 25 ga Mayu

Damina ta faɗi a Arewa, mambobinmu biyu sun tafi noma, ɗaya Jigawa ɗaya Sakkwato, sai bayan girbi. Duka biyun suna cikin masu ƙwazo. Wannan abu ne da takardun horarwa ba su san da shi ba, don an rubuta su ne da tunanin mutum yana zaune gari ɗaya shekara zagaye. Mun sa doka: duk ɗan ci-rani da zai shiga kwamiti ya zo da mataimaki mazaunin gari, su riƙa halartar bita tare.

Bitar yau an ɗage, jami'ar na da aiki a Ikeja.

Litinin, 3 ga Yuni

Yajin aikin ƙungiyoyin ƙwadago kan mafi ƙarancin albashi, an kashe wutar ƙasa baki ɗaya. Firjin allurai na asibitinmu na wuta ne, ba mai sola ba, kuma allurai ba sa son su fita daga ma'aunin sanyi 2 zuwa 8. Mama ta kira shugaba da sassafe. Muka sayi fetur na N9,000 daga asusun bita aka tada janareto, zuwa rana aka kwashe alluran a akwatin ƙanƙara zuwa babban ɗakin sanyi na ƙaramar hukuma.

Kafin a kwashe ta nuna mana tambarin da ke jikin kowace kwalba, ɗan murabba'i a cikin da'ira. Muddin na cikin ya fi da'irar haske, allurar na da kyau. Idan launinsu ya zo ɗaya ko na cikin ya fi duhu, zafi ya lalata ta. Mun duba ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta lalace. Firji mai sola ya shiga jerin abin da za mu nema.

Laraba, 12 ga Yuni

Kwamishinan lafiya na jiha, Farfesa Akin Abayomi, ya yi gargaɗin ɓullar kwalara. Abin ya fi ƙarfi a cikin Ikko, wato tsibiri, da Kosofe da Eti-Osa, amma babbar sallah ranar Lahadi ce, jama'a na kai-komo, 'yan raguna sun cika ko'ina. An jingine jadawalin bita. Jami'ar ta zo da yamma ta koya mana haɗa ruwan gishiri da sukari: fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, in babu fakiti, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri. Yara a haɗa musu da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. Wanda gudawarsa ta koma fara kamar ruwan shinkafa, a fara ba shi tun a hanya, a kai asibiti, kada a tsaya kemis. Lambar gaggawa 767 ko 112. Mun raba kanmu masallatai da filin idi.

Asabar, 22 ga Yuni

Mako mai wuya. An sami masu amai da gudawa a wani gida mai ɗakuna da yawa, aka kai su babban asibiti, Allah ya sa sun tashi. Ba a ma tabbatar kwalara ce ba, amma kafin gari ya waye magana ta zaga cewa 'yan garuwa ne ke yaɗa cuta. Wasu matasa suka kifar da kurar wani yaro, jarkoki suka fashe, suka ce kada su sake ganin mai ruwa a layin. Yaron ko wata uku bai yi da zuwa daga Zamfara ba, kurar ma haya ya ɗauko.

Da a ce watan Maris ne, kafin a farfaɗo da kwamiti, abin da zai faru kowa ya sani: Hausawa su taru a fada, Yarbawa su taru gidan Baale, sai 'yan sanda. Wannan karon mataimakin shugabanmu, Bayarabe ne, tela, shi ya fara zuwa wurin. Ya tsaya ya tambayi matan gidan, in an kori mai ruwa, wa zai kawo musu ruwa gobe, tunda famfon gwamnati bai taɓa zuwa layin ba. Ba wadda ta amsa.

Washegari muka kira shugaban 'yan garuwa da masu rijiyoyin burtsatse uku da suke saya a wurinsu. Na ce a kawo jarka ɗaya a yanka. Aka yanka. Cikinta kore shar da gansakuka, gindin kuma da laka. Shugabansu bai musa ba. Ya ce, "Malam, jarka goma ce a kura, ka yi sawu tun asuba, yaushe za ka wanke? Kuma sabulun wa zai saya?" Daga nan muka wuce wurin burtsatsen, muka tarar ɗaya daga ciki bututunsa ya bi ta cikin kwata, an ɗaure inda ya tsage da roba. Mai shi ɗan gari ne, mai gidaje. Laifi dai ya rabu, kowa ya sami nasa kason, wannan ne ya sanyaya zukata.

Abin da aka cimma: ranar Alhamis da safe, lokacin da kasuwanni ke rufe don shara, 'yan garuwa za su wanke jarkoki a wurin burtsatse, masu burtsatse su ba da ruwan wankin kyauta. Kwamiti ya sayi maganin tsabtace ruwa, ana zubawa bisa ƙa'idar da ke jikin kwalba a jira minti 30. Mai bututu ya ɗaga shi daga kwata bayan jami'in duba-gari ya ziyarce shi. Kwamitocin uku sun yi karo-karo aka biya jarkokin yaron.

Magani da burushi da sabulu: N17,500. Asusu ya kusa ƙarewa.

Asabar, 6 ga Yuli

Ruwan ranar Laraba ya shanye Legas, zauren Baale har yau da danshi. Taron haɗin gwiwa da ya kamata a yi da kwamitocin maƙwabta a barandar masallaci aka yi shi. Biyu daga cikin ukun da suka yi fushi a watan Mayu sun dawo, ba wanda ya tada zancen. Sun nemi Hajiya da malama su je su duba musu rijistarsu. Su kuma suna da wanda ya iya cike takardun Ilera Eko, inshorar lafiyar jiha, zai zo mana Asabar mai zuwa. Mutanenmu da yawa sun ɗauka sai ɗan asalin jiha ake yi wa, alhali ta mazauna ce.

Wankin jarka ya yi Alhamis biyu. Ta biyun rabin 'yan garuwan ba su zo ba.

Asabar, 13 ga Yuli

Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar Alhamis, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, shi ya cinye rabin taro. Wasu har sun fara lissafin sabon gini. Ni dai na ce a bari kuɗin su sauka tukuna. An yi rijistar inshora ga waɗanda suka zo da katin ɗan ƙasa. 'Yan kasuwar hatsi sun ƙara mana N30,000.

Asabar, 27 ga Yuli

Bita ta ƙarshe, da ungozomomi. Mun sha wahala kafin su zo, don sun ɗauka kamu ne. Jihar Legas na yi wa masu karɓar haihuwa na gargajiya rijista a ƙarƙashin hukumar magungunan gargajiya, na Yarbawa da yawa suna da takarda, namu kuwa tsofaffi ne a cikin gidaje, ba sa kiran abin sana'a. Hajiya ce ta bi su ɗaki-ɗaki.

Mama ba ta yi musu wa'azin su daina ba, kuma na ga hikimar hakan. Ta tsaya kan alamomin da ba a jira: zubar jini, jijjiga, kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani, naƙudar da ta wuce awa 12, hannu ko cibiya ta riga kai fitowa. Wata tsohuwa ta ce, "'Yata, mun san waɗannan tun ba a haife ki ba. Ƙarfe biyun dare ne matsalar. Wa zai ɗauke ta, kuma in mun je wa zai saurare mu?" A nan aka tsaya. An sami masu keke huɗu da suka yarda a riƙa kiransu da dare, lambobinsu na hannun kowace ungozoma, kwamiti zai biya mai, iyali su maido daga baya. Mama kuma ta ce duk ungozomar da ta rako mace, a bar ta ta shiga har ɗakin haihuwa. Abin da ya fi ƙarfin asibitinmu a wuce da shi babban asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Da yamma muka fara rubuta tsarin wata uku. An yi gardama sosai tsakanin gyaran rufin ɗakin awo da sayen sabon awon hawan jini da magungunan masu ciki. Kuɗin ba za su ɗauki duka ba. Magani da awo suka yi nasara, rufi za mu nema wajen masu gidaje.

Asabar, 10 ga Agusta

Zanga-zangar tsadar rayuwa ta sa ba mu zauna makon jiya ba. Yau shugaba ya sa hannu a tsarin, bayan an karanta shi layi-layi da harsuna biyu, sannan ya sa hannu a cek na farko da rasit ɗin farashi a gabansa. Kwafin tsarin na manne a ƙofar asibiti.

Lissafi: abin da ya shigo N115,000, abin da ya fita N101,000, saura N14,000, wanda za a ajiye don man masu keke.

Abin da bai tafi daidai ba: wankin jarka ya mutu tun tsakiyar Yuli, da tsoron kwalara ya lafa kowa ya koma gidan jiya. Shugaban 'yan garuwa ya ce sai dai a sa masu ba da hayar kura a ciki, don su ke da jarkokin. Za mu nemi zama da su a fada. Zaman mata kusa da mai rubuta rijista yana tafiya, amma nauyin ya koma kan mutum biyu, kuma Hajiya na rufe tukunyarta duk ranar, asara ce gare ta. Muna neman ƙarin mata huɗu daga makarantun Islamiyya na matan aure. Takardar neman firji mai sola an kai ta, muna jira.

Zango na gaba, Satumba zuwa Nuwamba: koyon auna damtsen yara da tsinken awon tamowa, ja ƙasa da santimita 11.5 a tura asibiti nan take. Zama da iyaye kan allurar kariya daga kansar bakin mahaifa ta 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, wadda aka fara a Oktoban 2023 kuma har yanzu ake ta raɗe-raɗi a kanta. Sai sake bin rijista a ƙarshen Oktoba mu ga ko layukan sun fara kai wa mako 14. Taro na gaba Asabar 7 ga Satumba, ƙarfe goma, a mazaɓar maƙwabta, su ne da ruwa da kujeru.